Ƙari a Cikin Zuciya: Idan Allah Ya Tona Asirin Cuta, Me Ya Rage Mana?



Ya ɗan'uwa mai karatu, yau ina so mu tattauna kan wata cuta wadda ba kasafai ake jin labarinta ba, amma darasin da ke cikinta ya shafi kowane gida. Ina nufin ƙarin da ke tsirowa a cikin zuciyar ɗan Adam, wanda sau da yawa ba a gano shi sai a lokacin da ake neman wani abu daban. Mutum zai je asibiti don a duba hawan jini, ko a tantance lafiyarsa kafin wata ƙaramar tiyata, sai likita ya ɗora na'ura a ƙirjinsa ya ga wani dunƙulen nama yana lilo a cikin zuciyarsa. Daga nan sai a ce masa dole a tsaga ƙirjinsa, alhali shi da ƙafarsa ya zo, kuma yana jin kansa garau.

Ra'ayina a kan wannan lamari guda ɗaya ne: gano irin wannan cuta kafin ta yi ɓarna rahama ce babba daga Allah, kuma godiyar wannan rahama ita ce a gaggauta yin abin da likitoci masana suka ce a yi. Jinkirin da wasunmu ke yi suna kiransa tawakkali, a ganina tsoro ne aka yi wa rawani. Amma kafin mu kai ga hukunci, ya kamata mu fahimci cutar kanta, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Wace cuta ce wannan?

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, da ƙofofi masu buɗewa da rufewa waɗanda ke hana jini komawa baya. Tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana ba tare da mai ita ya ba ta umarni ba. Ƙarin da ke tsirowa daga jikin zuciyar kanta abu ne mai wuyar samu ƙwarai. Binciken gawarwaki ya nuna bai kai mutum ɗaya cikin 1,000 ba. Wanda ya fi yawa shi ne ciwon dajin da ya taso daga wani sashe na jiki, kamar huhu ko nono, ya yaɗu zuwa zuciya. Amma cikin waɗanda asalinsu daga zuciyar ne, kimanin kashi 75 cikin 100 ba ciwon daji ba ne, kuma kusan rabin waɗannan a jikin manya nau'i ɗaya ne da likitoci ke kira miksoma. A kansa zan tsaya.

Miksoma nama ne mai taushi da santsi, wani lokaci kamar daskararren koko, wanda ke rataye da ɗan siririn wuya a jikin bangon da ya raba ɗakunan sama guda biyu. Uku cikin kowane huɗu a ɗakin sama na hagu suke tsirowa, wato ɗakin da ke karɓar jinin da ya dawo daga huhu. Girmansa yakan kama daga santimita 1 har zuwa 15, amma mafi yawa ana samunsu tsakanin santimita 5 zuwa 6, kwatankwacin ƙwan kaza. Ya fi kama mata a kan maza, musamman 'yan shekara 30 zuwa 60. Mafi yawansa ba gado ba ne. Ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne ke bin jini, a wani yanayi da wani likita mai suna Aidan Carney ya yi bayaninsa a Amurka a shekarar 1985, inda ƙarin ke zuwa tare da ɗigo-ɗigon baƙi a fata da leɓe, da matsalar wasu gaɓoɓin da ke samar da sinadaran jiki.

To, idan ba daji ba ne, ina abin tsoro? Abin tsoron shi ne wurin da ya zauna. Ƙaramin dutse a bakin hanya ba ya hana kowa wucewa, amma idan ya shiga maƙogwaron rijiyar burtsatse sai unguwa ta kwana da ƙishi.

Cutar da ke shigar burtu

Miksoma yana cutarwa ta hanyoyi uku, kuma a kowace hanya yana ɓoye kansa da kamannin wata cuta da muka saba da ita.

Hanya ta farko ita ce toshe ƙofa. Duk lokacin da zuciya ta buga, ƙarin kan faɗa bakin ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, ya rage wa jini hanya. Sai jini ya taru a huhu, mutum ya riƙa haki idan ya yi ɗan tafiya, ƙafafunsa su kumbura, wani lokaci ya suma. Wani abin mamaki shi ne alamomin kan sauya idan ya sauya kwanciya, saboda ƙarin yana motsawa. A ƙasashenmu, inda ciwon ƙofar zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a magance ba tun yarinta yake da yawa, abu ne mai sauƙi a ɗauka wannan ce matsalar.

Hanya ta biyu ita ce mafi muni. Tunda naman mai taushi ne, wani ɗan yanki kan gutsure ya bi jini. Idan ya tafi ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye ko magana ta ɗauke. Idan ya shiga jijiyar ido, sai gani ya tafi. Idan ya toshe jijiyar ƙafa, sai ta yi sanyi ta mutu. Kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na masu wannan ƙari suna gamuwa da irin wannan gutsurewa. Mai karatu, ka tuna abin da mutanenmu kan fara faɗa idan matashiya mai shekara 35 ta yanke jiki ta faɗi, bakinta ya karkace: sai ka ji an ce jifa ne, ko iska ta taɓa ta, ko kishiya ce. Ba ina cewa duk shanyewar jiki ƙarin zuciya ne ya haddasa ta ba, domin hawan jini ne ke da kaso mafi girma. Abin da nake cewa shi ne, duk matashin da jikinsa ya shanye ba tare da wani sanannen dalili ba, haƙƙinsa ne a kan danginsa su kai shi a duba zuciyarsa kafin a fara zargin maƙwabta.

Hanya ta uku ita ce kasala ta gama-gari. Ƙarin yana fitar da wani sinadari da ke tayar da garkuwar jiki, sai mutum ya riƙa fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da rama, da ciwon gaɓoɓi, da ƙarancin jini. A wurinmu wannan sunansa zazzaɓin cizon sauro ko taifod, idan ya daɗe kuma a ce tarin fuka. Haka za a yi ta sayen magani a kemis wata da watanni, ɓarawon kuma yana cikin ɗaki.

Akwai kuma waɗanda ba su jin komai ko kaɗan, sai dai a ci karo da ƙarin a hoton da aka ɗauka don wata buƙata. Waɗannan su ne suka fi kowa sa'a, kuma abin takaici su ne suka fi kowa wuyar shawo kai.

Yadda ake gano shi

Na'urar da ta fi taimakawa ita ce mai ɗaukar hoton zuciya da sauti, wadda ake kira eko a asibitocinmu. Irin dabarar da ake duba jariri a cikin mahaifiyarsa ce: babu yanka, babu allura, babu zafi. Wani likita mai suna Inge Edler da wani masanin kimiyya mai suna Hellmuth Hertz ne suka fara amfani da sauti wajen duba zuciya a birnin Lund na ƙasar Suwidin a shekarar 1953. Kafin wannan zamani, yawancin masu irin wannan ƙari ba a sanin abin da ya kashe su sai an buɗe gawarsu. A yau cikin minti 30 likita zai ga ƙarin yana shiga ƙofa yana fita da kowane bugu.

Idan ana son ƙarin haske, akan zura siririn bututu mai na'ura ta maƙoshi, domin hanyar abinci tana bayan ɗakin hagu na zuciya daf da daf. Akan kuma yi hoton siti sikan ko na MRI don a bambance ƙari da gudan jini. Wannan bambancewa tana da muhimmanci, saboda gudan jini sau da yawa ana iya narkar da shi da magani, kuma akwai wani nau'in ƙari da ake samu a zuciyar jarirai wanda kan ƙanƙance da kansa yayin da yaro ke girma. Ke nan ba kowane abu da aka gani a zuciya ne ake yi wa wuƙa ba. Amma idan alamu suka tabbata miksoma ne, babu ƙwaya, babu allura, babu saiwa da ke narkar da shi. Ko ɗan yanki ma ba a cika ɗiba don gwaji kafin aiki ba, don gudun kada a gutsure shi ya bi jini. Sai an ciro shi gaba ɗaya ake kai shi ɗakin gwaji a tabbatar.

Aikin da ake yi

Ana sa majinyaci barci, a raba ƙashin tsakiyar ƙirji, ko kuma a wasu cibiyoyi a bi ta ɗan ƙaramin yanka a gefen dama. Sannan a haɗa jijiyoyinsa da wata na'ura da ke karɓar aikin zuciya da huhu: ita za ta janye jini, ta sa masa iskar shaƙa, ta mayar da shi jiki. Daga nan sai a zuba wa zuciya wani ruwa mai sinadarin fotashiyam, ta tsaya cik. Likita ya buɗe ɗakin, ya ɗaga ƙarin a hankali, ya yanke shi tare da tushensa da ɗan naman bangon da ke kewaye, don kada ya sake tsirowa. Idan huda ta yi girma, sai a yi mata faci, sau da yawa da fatar da ke lulluɓe da zuciyar shi majinyacin. A wanke ɗakunan sarai, a ɗinke, a saki jini ya koma, sai zuciya ta ci gaba da bugawa da izinin Wanda Ya halicce ta.

Wannan hanya da na'urar ke kwaikwaya, wato fitar jini daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu sannan ya dawo ɓangaren hagu, wani malami Musulmi ne, Ibn Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288, ya yi bayaninta ɗaruruwan shekaru kafin likitocin Turai. Likita John Gibbon ne ya fara amfani da na'urar cikin nasara a Filadelfiya ta Amurka a watan Mayun 1953, bayan ya shafe kusan shekara 20 yana gwaji. Shekara ɗaya bayan haka, a 1954, Clarence Crafoord ya ciro miksoma daga zuciyar wata mata a birnin Stockholm, kuma shi ne karon farko da aka yi hakan majinyaci ya tashi. A Najeriya, an yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu a shekarar 1974, inda Farfesa Fabian Udekwu ya yi aiki tare da shahararren likitan nan ɗan Masar, Magdi Yacoub.

Sakamakon aikin a hannun ƙwararru abin farin ciki ne. Waɗanda ke rasuwa sanadiyyarsa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma ƙarin da ba na gado ba yana dawowa ne a kashi 1 zuwa 3 kacal. Akan yi kamar mako guda a asibiti, ƙashin ƙirji ya haɗe cikin mako 6 zuwa 8, sannan a riƙa zuwa eko lokaci-lokaci. Wanda nasa na gado ne ya fi bukatar sa ido, kuma ya kamata a duba 'yan'uwansa na jini. Cututtukan zuciya kaɗan ne za a ce an cire su an huta. Wannan yana cikinsu.

Uzurori uku da amsarsu

Uzuri na farko shi ne: ai lafiyata ƙalau, me zai sa in kai kaina mahauta? Wannan magana tana da nauyi, kuma bai kamata a yi wa mai ita dariya ba. Tiyatar zuciya ba kaciya ba ce. Akwai haɗarin zubar jini, da rikicewar bugun zuciya, da shigar ƙwayoyin cuta, har da mutuwa. Amma mai hankali yana auna haɗari biyu ne. A hannu ɗaya akwai haɗarin da aka sani, a ranar da aka shirya, a gaban ƙwararru. A ɗaya hannun akwai haɗarin da ba ya sallama: gutsuren da zai iya tashi a kasuwa ko a kan babur, ko toshewar ƙofa gaba ɗaya da mutuwar fuju'a. Shi ya sa likitoci ba sa son a ja lokaci bayan an gano shi. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, nemi ra'ayin likitan zuciya na biyu, wannan haƙƙinka ne. Amma ka neme shi cikin kwanaki, kada ka mayar da shi na shekara.

Uzuri na biyu shi ne: abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne, kuma babu Musulmin da ke jayayya da haka. Sai dai tambaya ita ce, wa ya ƙaddara cewa za a ɗora maka na'urar a ranar da ba ka nema ba? Wa ya sanar da ɗan Adam ilimin tsayar da zuciya da tayar da ita? Manzon Allah (SAW) ya yi magani, ya kuma umarci sahabbansa da neman magani, sannan ya karantar da mai raƙumi cewa ɗaure dabba da dogaro ga Allah tare suke tafiya. Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa bai shiga ba, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Addu'a da ruƙiyya da sadaka duk alheri ne, a yi su dare da rana, a raka majinyaci da su har ƙofar ɗakin tiyata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da su dalilin ƙin shiga ɗakin.

Uzuri na uku ya shafi halacci. Wasu kan ji tsoron cewa tsayar da zuciya kamar kisa ne. Amsa ita ce jini bai daina zagayawa ba, ƙwaƙwalwa tana raye, rai yana nan. Tsoka ɗaya ce aka hutar na ɗan lokaci. Wasu kuma da suka yi bincike a intanet kan gano cewa heparin, maganin da ke hana jini daskarewa a cikin na'urar, yawancinsa daga hanjin alade ake samo shi. Haka ne. Amma ƙa'idar larura sananniya ce a fiƙihu, kuma malamai da dama na wannan zamani sun halatta irin wannan magani idan ceton rai ya rataya a kansa kuma babu madadin da ya kai shi. Haka ƙarin jini. Bayan aiki kuwa, addini ya sauƙaƙa: mai ɗinki a ƙirji ya yi salla a zaune ko da nuni, ya jinkirta azumi har ya warke. Wanda ke da shakka ya tambayi malami mai ilimi da tsoron Allah, ya kuma kai masa bayanin likita cikakke, domin fatawa tana bin yadda aka kawo tambaya.

Nauyin da ke kanmu

Akwai uzuri na huɗu wanda ba na majinyaci ba ne, namu ne gaba ɗaya, wato kuɗi. Tiyatar buɗe zuciya aiki ne na miliyoyin naira, cibiyoyin da ke yinta a Najeriya ƙalilan ne, mafi yawansu kuma a Legas da Abuja da wasu biranen kudu suke. Sau da yawa wanda muke zargi da taurin kai, aljihunsa ne ya yi masa magana. A nan ne nake ganin matasa masu karanta wannan shafi suna da rawar takawa.

A wasu ƙasashe an nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A shekarar 2007 ƙungiyar agaji ta Emergency daga Italiya ta buɗe Cibiyar Salam ta tiyatar zuciya a kusa da Khartum, ta yi wa dubban mutane daga ƙasashen Afirka da dama aiki kyauta. A 2009 Magdi Yacoub ya kafa cibiyar zuciya a Aswan ta Masar, wadda ke kula da marasa galihu kyauta da gudummawar jama'a. Mu da muke da zakka da waƙafi a cikin addininmu, me ya hana mu? Attajirin da ya saba zuwa Umara duk shekara, da zai ware kuɗin tafiya ɗaya ya saya wa babban asibitin garinsu na'urar eko, ko ya ɗauki nauyin horar da matashin likita a fannin zuciya, ina kyautata zaton ba zai yi asara a wurin Allah ba. Mu kuma masu ƙaramin ƙarfi muna iya ba da jini, mu shiga asusun taimakon majinyata na masallacinmu, mu kuma tabbatar da gaskiyar duk neman taimakon da muke yaɗawa a wayoyinmu.

Kada kuma wannan rubutu ya jefa kowa cikin waswasi. Cutar ba ta da yawa, kuma ba duk mai haki ko zazzaɓi ne ke ɗauke da ita ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne: idan numfashi yana yankewa ba dalili, ko ana suma, ko zazzaɓi da rama sun ƙi jin magani, ko jikin matashi ya shanye, a tambayi likita ko akwai bukatar duba zuciya. Idan kuma aka duba aka ga wani abu, kada a ɓoye wa majinyaci, kada a ɗauke shi daga asibiti a shiga yawon gidajen masu magani har lokaci ya ƙure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mutane da yawa sun kwanta dama da wannan ƙari a ƙirjinsu ba su taɓa sanin sunansa ba. Wanda aka nuna masa nasa tun yana tafiya da ƙafarsa, an ba shi abin da ba a ba su ba: lokaci. Ya yi istihara, ya yi shawara, ya rubuta wasiyyarsa kamar yadda ya kamata kowane Musulmi ya yi, ya nemi gafarar waɗanda ya saɓa wa, sannan ya miƙa ƙirjinsa ga likita, zuciyarsa kuma ga Ubangijinta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya saka wa likitoci da ma'aikatan jinya da alheri, Ya tsarkake zukatanmu daga cutar da na'ura ke gani da wadda ba ta gani. Amin.